Akwati Mai Ƙafa Uku: Tarihin Hoto Daga Baguida Zuwa Zangon Lome

Ranar 5 ga Yulin 1884, a Baguida, wani ƙaramin gari na bakin teku kimanin kilomita 13 gabas da Lome, aka sa hannu a takardar da ta miƙa wannan yanki ga Jamus. Wanda ya tsaya wa Jamusawa shi ne Gustav Nachtigal, likitan nan matafiyi da ya taɓa kai wa Shehu Umar na Borno kyaututtukan sarkinsu a Kukawa a 1870. A ɓangaren 'yan ƙasa kuwa, mai riƙe da sandar Sarki Mlapa na Togoville ne ya wakilce su. Daga nan Baguida ta zama mazaunin mulkin Jamus na farko a Togo, har zuwa 1887 da aka koma Sebe kusa da Aneho, sannan a 1897 aka tare a Lome. Rundunar 'yan sandan da Jamusawa suka kafa a 1885 kuma da Hausawa aka fara ta. Ke nan da mu aka yi tun daga tushe.

Kusan lokaci guda da Jamusawan wani baƙon ya sauka a wannan gaɓa, shi kuwa bai tafi ba da aka kore su a 1914. Akwati ne mai ido ɗaya da ƙafa uku, mai shi yana cusa kai cikin baƙin ƙyalle a bayansa. Yau an wuce shekara 140. Ɗan acaɓa da mai tallar goro kowa na da kyamara a aljihu, amma sai ga shi a ƙasashe da dama ana neman tsohon akwatin ruwa a jallo, wasu ma su zauna su harhaɗa nasu da katako ko gwangwani. Wanda bai san inda aka fito ba zai ce wasan yara ne ko taɓarar masu kuɗi. Akwai taɓarar a ciki, zan zo kanta. Amma tarihin sana'ar a wannan gaɓa tamu yana da amsar da ta fi haka nauyi.

Dabarar kanta tsohuwa ce ƙwarai. Idan aka rufe ɗaki ruf da rana tsaka, aka bar 'yar huda a ƙofa, surar abin da ke waje za ta faɗo a bangon da ke fuskantar hudar, amma a kife, kai a ƙasa ƙafa a sama. Malamin da ya yi wa wannan gamsasshen bayani shi ne Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma daga abin da ake kallo yake zuwa ga ido. Abin da ya gagari masana ƙarni bayan ƙarni shi ne yadda za a kama surar ta zauna. Sai wajajen 1826 Niépce ya ci nasara a Faransa, a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Daguerre, a Ingila kuma Talbot ya fito da dodon hoto na takarda, wanda ake iya cire kwafi daga gare shi iya son rai. Mai karatu ya riƙe wannan hanya ta Talbot, don ita ce kakar akwatin bakin kasuwa.

Ba a jima ba sana'ar ta iso Afirka ta Yamma, kuma tun da wuri ta faɗa hannun baƙar fata. Augustus Washington, wani baƙin Ba'amurke, ya sauka a Laberiya a 1853 da kayan aikinsa. A Akra iyalin Lutterodt sun buɗe shago a 1876, suna bin jiragen ruwa gari-gari har Kamaru, su sauka su rataya labule, su ɗauki sarakuna da attajirai, su naɗe kaya su yi gaba. A hannunsu Alex Agbaglo Acolatse ya koyi aiki. An haife shi a 1880 a Kedzi kusa da Keta, cikin Gana ta yanzu, ya buɗe shagonsa a Lome wajajen 1900, ya shafe fiye da shekara 50 yana sana'ar, ya rasu a 1975. Ya ga mulkin Jamus, ya ga Turawan Ingila da suka riƙe Lome daga 1914 zuwa 1920, ya ga Faransawa. A kan faifan gilashi yake ɗauka, kowane faifai hoto ɗaya, ga nauyi, ga tsada, ga saurin fashewa. A shekarun 1920 ya buga katunan aikawa ta gidan waya masu ɗauke da hotunan Lome da kewaye, kuma a 2015 gidan kayan tarihi na Metropolitan da ke birnin Niyok ya baje wasu ayyukansa.

Sai dai hoton wancan zamani na masu hannu da shuni ne. Manyan gidajen Lome, irin su Olympio da de Souza, da akawuna da sarakunan gargajiya, su ne ke shiga shago su zauna a kujera gaban labulen da aka zana wa ginshiƙai da furanni. Mutanen Zango fa? Sun daɗe a ƙasar. Fataucin goro ne ya kai kakanninmu Gwanja, da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 da yawa suka koma Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu kuma suka gangaro bakin ruwa. Suna nan a hotunan Jamusawa, amma ta wata irin fuska. Za ka ga dattijo da rawani da babbar riga, gabansa an baje kayan koli, a ƙasan katin an rubuta "Haussa" kawai. Ba sunansa, ba na mahaifinsa, ba garin da ya fito. An ɗauke shi ne don a nuna wa mutanen Jamus irin mutanen da ke ƙarƙashinsu, shi kuwa da wuya in ya taɓa sa hoton a ido.

Abin da ya juya wannan lamari, ya kawo hoto hannun talaka, shi ne akwatin katako. A Turai da Amurka tun farkon ƙarni na 20 akwai masu tsayawa bakin titi da kyamarar da ke wanke hoto a cikinta. Da samfurin ya shigo Afirka ta Yamma, kafintoci suka dube shi suka ga ba wani abin a zo a gani ba ne, allo ne da ƙusa da baƙin fenti. Gilashin ido kawai ake nema daga waje, shi ma sau da yawa daga jikin matacciyar kyamara ake ciro shi. A daidai lokacin kuma, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukumomi suka ƙara matsa wa mutane da takardu: katin shaida, lasin tuƙi, fasfo, fom ɗin jarrabawa, kowanne sai da ɗan hoto a manne. Ba wanda wannan ya shafa kamar mutumin Zango. Iyakar Gana a Aflao tana manne da Lome, hanyar Kwatano da Legas ta bi ta Baguida ta wuce, arewa kuma ga hanyar Sokode har ƙasar Mosi da Nijar. Mai shanu, mai goro, direban babbar mota, maniyyaci, duk rayuwarsu tsallaka iyaka ce. Don haka masu akwati suka yi sansani inda buƙata take, ƙofar ofisoshin gwamnati, bakin kasuwa da tashoshin mota.

Yadda aikin yake tafiya ya cancanci a tsaya a kansa, tunda yaran yanzu ba su gani ba. Mai hoto zai rataya baƙin ƙyalle ko fari a jikin bango, a inuwa mai haske, ya ajiye benci. Mutum ya zauna. "Alhaji, a ɗan ɗaga haɓa. Yawwa. A gyara hula." Sai ya buɗe 'yar ƙofar bayan akwatin ya leƙa, yana tura wani siririn ƙarfe gaba da baya har fuskar ta fito tas a kan gilashin da aka dusashe, a kife kamar yadda Ibnul Haisam ya faɗa. Ya maƙale ƙarfen a nan, ya rufe ido da murfi, ya rufe ƙofa. Daga nan sauran aikin da lalube ne. A jikin akwatin akwai rami da aka ɗinka wa baƙin hannun riga, wani lokaci ƙafar tsohon wando ce. Ta nan zai zura hannu ya zaro takardar hoto daga ma'ajiyarta, ya kafa ta a mazaunin gilashin. "To, kada a motsa, kada a ƙifta." Ya cire murfin da hannu, ya ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, ya mayar. Babu wani maɓalli, ƙididdigar haske duk a kansa take: in hadari ya haɗu ya ƙara ƙirge, in rana ta take ya rage.

A ƙasan akwatin akwai 'yan tasoshi biyu. Na farko ruwan maganin da ke fito da sura, na biyu wanda ke tsayar da ita. Takardar an shafe ta ne da gishirin azurfa, inda haske ya taɓa maganin farko sai ya mayar da wurin baƙi, na biyu kuma ya narkar da sauran da haske bai taɓa ba don kada ya ci gaba da yin duhu. Mai hoto yana sa ido ta wani ɗan mazurari a sama, da taimakon 'yar taga mai jan gilashi, domin takardar ba ta jin jan haske. Sai ya fito da ita tana ɗiga, ya ɗauraye a bokiti. A nan ne yara 'yan kallo ke fashewa da dariya: ga Alhaji da farar fuska, baƙin rawani, haƙora baƙaƙe wuluk. Dodon hoto ke nan. Zai manna shi a wani ɗan allo da ke ɗagowa a gaban idon akwatin, ya sake ɗaukar hoton dodon, sai baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Ya wanke, ya yanka da almakashi, ya miƙa. Cikin minti 10 zuwa 15 an gama, sha yanzu magani yanzu, ba lantarki, ba batir, ba ɗakin duhu.

Akwai wani sirrin sana'a a tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu. Mai hoto kan ɗan shafa jan fensir ko jar tawada a fuskar dodon. Tunda takarda ba ta ganin ja, wurin sai ya fito da haske a hoton ƙarshe. Wani lokaci larura ce, don a fito da kamannin baƙar fuska da inuwa ta cinye, wani lokaci kuwa mai fuskar ne ya roƙa. Masu zagin 'yan matan yanzu kan goge fuska a waya su sani iyayensu ma sun taɓa, bambancin dai a da mutum ne ke yi da hannunsa, kana tsaye kana gani, kana iya cewa ya isa haka.

Ba a shiga gaban akwatin nan cikin sauƙi ba. A Zango, kamar a Kano da Katsina, malamai sun yi ta muhawara kan hukuncin sura, kuma dattawa da yawa sun ƙi zama sai da tilas ta kama. A Masar, Shaihu Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya riƙe muƙamin babban mufti daga 1914, ya rubuta risala yana halatta hoton kyamara bisa hujjar cewa tsare inuwa ne kawai, ba ƙaga halitta ba. Wasu malaman ba su yarda ba, har gobe ma akwai masu wannan ra'ayi. Amma aikin hajji ya raba gardama a aikace, don ba a samun fasfo sai da hoto. Shi ya sa a gidaje da yawa hoton kaka guda ɗaya tak da ake da shi shi ne na fasfon Makka, ɗan ƙarami, da sawun hatimi a gefe.

Wanda ya fi kowa nuna abin da akwatin katako zai iya, haifaffen Togo ne. Cornélius Yao Augustt Azaglo, an haife shi a Kpalime a 1924, ya koyi hoto a Bobo-Dioulasso, a 1955 ya tare a Korhogo da ke arewacin Kwaddibuwa, yana aikin titi da akwati, a 1958 ya buɗe shagonsa Studio du Nord. A shekarun 1960 ya riƙa ɗaura kaya a keke yana bin ƙauyukan Sanufo, yana yi wa manoma hoton katin shaida. Ya rataya ƙyalle a bangon laka, mutum ya zauna, ya ɗauka, na gaba ya zo. Aikin neman abinci ne tsagwaronsa. Amma da masana suka buɗe ma'ajiyarsa, suka tarar da dubban dodanni a jere da kwanan wata, fuskokin mutanen da da yawansu ba a taɓa ɗaukarsu ba kafin ranar. Kallon da suke yi wa akwatin kai tsaye ne, ba murmushin dole. Kafin rasuwarsa a 2001 an riga an rataye waɗannan hotuna a Bamako da Turai.

Manyan sunayen da duniya ke ji da su ma da ƙaramin abu suka soma. Seydou Keïta na Bamako ɗan kafinta ne, shi ma kafinta, kawunsa ya kawo masa tsarabar Kodak Brownie daga Senegal a 1935. Brownie ɗin nan akwatin kwali ce da kamfanin Kodak ya fitar a 1900 a kan dala ɗaya. Keïta ya buɗe shago a 1948, yana ɗauka a tsakar gidansa da hasken rana, kuma saboda tsadar kaya yawanci sau ɗaya yake ɗaukar kowane mutum. A 1991 aka nuna hotunansa a Niyok ba tare da sunansa ba, sai daga baya aka bi sawu aka gano shi yana raye a Bamako. Ojeikere na Najeriya, wanda ya tara hotunan kitso kusan 1,000, da Brownie ya fara a 1950. Malick Sidibé ma haka a 1956. A Yamai kuwa Philippe Koudjina, ɗan asalin Togo da aka haifa a Kwatano a 1940, shi ya adana wa Nijar daren shekarun 1960 da 1970, gidajen rawa da samari da sojoji. Ga kuma Yarbawa da suka bazu da sana'ar har Yamai da Abijan, kamar yadda Erika Nimis ta bi diddigi a littafinta na 2005.

Daga 1950 zuwa 1980 shagon hoto ya zama wani ɓangare na rayuwar gari. Ranar Sallah ana sauka daga Idi sai layi a ƙofar mai hoto. A Lome, garin atamfa da 'yan kasuwar nan mata da ake kira Nana Benz, sabon zane bai gama shiga jiki ba sai an ɗauke shi. Shago na da agogon aro, da tabarau, da rediyo, da wayar tarho wadda ba a jona ta da komai ba. Saurayin da ya zo ci-rani daga Dogon Dutsi ko Sakkwato zai ari kwat, ya dafa babur ɗin da ba nasa ba, a aika gida a ga ya samu wuri. Kowa ya san da ƙari a ciki, har waɗanda aka aika wa. Amma shi ya zaɓi yadda yake so a gan shi, abin da dattijon katin Jamusawa bai samu ba.

Sai kuma aka zo shekarar 1977. Tsohon Zangon Lome, wanda da ma an taɓa ɗaga shi ba sau ɗaya ba tun zamanin Turawa, gari ya girma ya kewaye shi har ya zama a tsakiya. Gwamnati ta rushe shi, aka kwashe mutane zuwa wani fili kimanin kilomita 15 arewa da gari, wajen Agoe, inda sabon Zango yake yanzu. A tsohon wurin manyan gine-ginen bankuna suka tashi. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya rubuta littafi a 1983 kan 'yan kasuwar wannan Zango. Amma yadda lunguna suke, da ƙofar gidan wane, da rumfar da ake zaman hira, sai a bakin tsofaffi da bayan fagen hotunan biki da suna. A gabas kuma teku ce ke nata rushe-rushen. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, katangarta ta tare yashin da igiyar ruwa ke turowa daga yamma, sai ruwa ya shiga cin gaɓar Baguida da garuruwan da ke gaba da ita, har tsohuwar hanyar Aneho ta tafi. Mutanen da hukuma ta tashe su ta nan, ruwa ya ci su ta can, sun fi kowa sanin darajar takardar da ke cewa a nan muke a da.

Faɗuwar sana'ar ta zo da sauri. A shekarun 1980 injunan wanke hoto mai launi suka shigo manyan biranen yankin, a wurare da dama 'yan Koriya ta Kudu ne suka kafa su. Duk wanda ya rataya ƙaramar kyamara ya zama mai hoto, ya bi biki ya ɗauka, ya kai inji ya wanke. Gwanintar ɗakin duhu ta rasa kasuwa. Akwatin katako ya ɗan jure a ƙofar ofisoshi saboda arha, har ranar da hukumomi suka ce sai hoto mai launi, daga baya ma suka koma ɗaukar mutum da kansu a kwamfuta. Wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kamfanin bai ɗauke ta da muhimmanci yadda ya kamata ba, a 2012 ya durƙushe. Wajajen 2000 aka fara sayar da waya mai kyamara a Japan. Sauran labarin yana aljihun mai karatu.

A ba waya haƙƙinta. Uwa a Agoe tana ganin jikanta na Kumasi ranar da aka haife shi. Fim mai launi na da an daidaita shi ne da fatar Bature, shi ya sa baƙin mutum kan fito kamar inuwa, alhali masu ƙera Tecno sun zauna sun gyara kyamararsu musamman don baƙar fata, kuma wannan na cikin abin da ya ba su kasuwar Afirka. Tsofaffin masu akwati ma da suka samu kyamarar zamani ba su yi kukan rabuwa ba. Hannu kullum cikin magani, farce ya rine, hoton gaggawa da ba a ɗauraye sosai ba kuma bayan 'yan shekaru ya koma ruwan ɗorawa. Wanda ke zaune a Turai yana sayen fim da tsada don a ce shi ɗan gargajiya ne, wannan kam taɓara ce.

To me ke jan sauran? Abu na farko da masu yi ke faɗi shi ne sun san abin da ke faruwa a ciki. Akwatin katako ba ya ɓoye komai, in haske na shiga ta tsaga ka toshe da baƙin ƙyalle, in ƙafa ta karye kafintan unguwa ya gyara. Waya kuwa a rufe take ruf. Kana taɓa ta ta ɗauki hotuna da yawa a ƙiftawar ido, ta gauraya su, ta ƙara haske, ta goge fata, ta miƙo maka abin da wani injiniya a wata ƙasa ya yanke cewa shi ne kyau. Hoton ya yi kyau, amma kai me ka yi? Wannan ƙishirwa ta son a taɓa cikin na'ura da hannu ba baƙuwa ba ce a Lome. A nan aka kafa WoeLab a 2012, inda a 2013 Afate Gnikou ya haɗa injin da ke ƙera abubuwa da narkakkiyar roba daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci. Jinin kafintocin da suka kwaikwayi akwatin Bature ne ke gudana.

Ni dai a ganina babban dalilin yana wajen wanda ake ɗauka. Gaban akwati sai da yardarka. Ka yi wanka, ka zaɓi riga, ka zauna, ka riƙe numfashi na daƙiƙa uku, kai da mai hoto kun haɗu kun yi aiki ɗaya, in ɗayanku ya yi sakaci an yi asarar takarda. Tsadar takardar ce ta sa ake natsuwa. Yanzu a wurin biki ana ɗaukar mutum yana tsakiyar loma, kafin ya haɗiye an watsa a WhatsApp. Hoto ya yi yawa har ya zama ba a kallonsa. Kuma ba ya zama: waya ta faɗa ruwa, ko a fizge ta a kasuwa, ko ta cika a goge, shekara biyar na rayuwar iyali sun tafi. Gidan da ke da hoton kakan da aka ɗauka a 1960 sau da yawa ba shi da na yaron da aka haifa a 2015.

Shi ya sa abin ke dawowa ta ƙofofi daban-daban. A Afganistan, inda irin wannan akwati ya yi aiki har cikin shekarun 2000, Lukas Birk da Sean Foley sun fara tattara tarihinsa a 2011, suka kuma wallafa yadda ake haɗa shi, yanzu ana ƙera shi a ƙasashe da yawa. Tun 2001 ake ware Lahadin ƙarshe ta watan Afrilu a matsayin ranar hoton hudar allura ta duniya. Wannan kuwa ko gilashi ba ya buƙata. Gwangwanin madara mai murfi, a shafe cikinsa da baƙin fenti, a huda gefe, a manna ɗan yankin gwangwanin lemo da aka huda da bakin allura, hudar kada ta kai rabin milimita. A sa takardar hoto a ciki cikin duhu, a toshe hudar da baƙin salatif, a ajiye a kan dutse, a buɗe kamar minti ɗaya a rana. Maganin fito da sura ma an gano a 1995, a wata jami'a da ke Rochester ta Amurka, cewa garin kofi da sodar wanki suna yi. Takardar da maganin tsayarwa ne dai sai an yi oda, kuma ruwan da aka yi aiki da shi ba a zubar da shi inda dabbobi ke sha. Malamin kimiyya da ya yi wannan da ɗalibansa sau ɗaya ya huta da dogon bayani a kan yadda haske ke tafiya.

Ba kowa zai haɗa akwati ba, ba kuma dole ba ne. Amma akwai aikin da ke kan kowane gida a Zango, daga Baguida har Agoe, kuma ba ya jira. Iskar teku da laima suna cin takarda, dodannin da ke cikin leda suna mannewa. A fito da hotunan da ke ƙasan adaka da bayan firam, a zauna da Hajiya ko Baba tun suna da ƙarfin tunawa, a tambaye su wane ne wannan, ɗan wane ne, a ina aka ɗauka, wace shekara. A rubuta a bayan hoton da fensir, don biro yana huda takarda ya ɓata fuska. Kada a kai a like su da roba mai zafi, a sa su a ambulan na takarda a wuri busasshe. A ɗauke su da waya a tura wa dangi na Kumasi da Yamai da Kano, amma a riƙe na asalin. Sannan ko sau ɗaya a shekara, bayan Sallah, a zaɓi hotuna goma daga cikin waya a kai a wanke su a takarda.